Ɗigon Haske a Tsakiyar Inuwa: Gasar Faris ta 1818

Ɗauki ɗan faifan ƙarfe mai faɗin milimita 2, kamar ƙwayar gero ke nan, ka tare hasken wata 'yar mitsitsiyar fitila da shi, ka bar inuwarsa ta sauka kan farar takarda. Ina ne ya fi duhu a cikin inuwar? Ko yaro ka tambaya a tsakiya zai ɗora yatsa. To amma a tsakiyar tsaf akwai ɗigon haske, kuma haskensa ya kusa kai wanda za a gani da babu faifan gaba ɗaya. Wanda ya fara fitar da wannan ta hanyar lissafi, Siméon-Denis Poisson, bai yarda da ra'ayin da ya haifar da shi ba. Wanda kuma ya kawo ra'ayin, Augustin Fresnel, bai lura ra'ayinsa na ɗauke da wannan abin mamaki ba sai da aka nuna masa. Abin ya faru ne a Faris, tsakanin 1818 da 1819, a wata gasa ta Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa.

Gardamar da ke ƙasa tsohuwa ce: shi haske mene ne? Cewa yana tafiya a miƙe, wannan Ibn al-Haytham ya tabbatar da shi da gwaji a Alƙahira tun farkon ƙarni na 11. Abin da ya rage shi ne sanin abin da ke tafiyar. Isaac Newton, a littafinsa na 1704, ya karkata ga cewa haske wasu ƙananan ƙwayoyi ne da fitila ko rana ke harbowa. Christiaan Huygens na Holan, a 1690, ya ce a'a, igiya ce, irin wadda ke bazuwa a tafki idan an jefa tsakuwa. Hujjar mutanen Newton mai ƙarfi ce, kuma kowa na iya ganinta. Sauti igiya ne, shi ya sa kana cikin ɗaki kake jin kiran salla ko da katanga uku ce tsakaninka da masallaci. Amma ba ka ganin ladanin. In da haske igiya ne, ai da ya zagayo katangar kamar yadda muryar ta zagayo.

Sai dai akwai wata 'yar ƙura da ta ƙi kwanciya. Wani malamin coci a Bologna ta Italiya, Francesco Grimaldi, ya lura cewa bakin inuwa ba yankan wuƙa ba ne. Idan hasken ya fito daga ƙaramar kafa, ana ganin ratsi-ratsi a gefen inuwar, na haske da na duhu a jere kamar ratsin saƙi. An buga wannan a 1665, bayan rasuwarsa. Mabiya Newton suka ce bakin abin ne ke jan ƙwayoyin haske ko ya ture su yayin da suke giftawa. A Ingila, Thomas Young ya kawo wata amsar daban, ta ra'ayin igiya, tsakanin 1801 da 1803, amma aka caccake shi a wata mujalla ta Edinburgh, maganarsa ta kwanta. A Faris kuwa, inda Pierre-Simon Laplace ke riƙe da ragamar ilimin lissafi da kimiyya, maganar ƙwayoyi ita ce karatun makaranta.

Injiniyan hanya da ɗigon zuma

Fresnel ba malamin jami'a ba ne. An haife shi a 1788 a Broglie da ke yankin Normandy, kuma aikinsa gina hanyoyi ne a ma'aikatar hanyoyi da gadoji. A 1815, da Napoleon ya dawo daga tsibirin Elba, Fresnel ya bi ɓangaren sarki, sai aka dakatar da shi daga aiki aka sa masa ido. Ya koma gidan mahaifiyarsa a ƙauyen Mathieu kusa da Caen, kuma a wannan zaman dole ne ya fara aikin da ya sa ake tunawa da shi.

Kayan aikinsa suna burge ni ƙwarai. Yana bukatar haske mai fitowa daga wuri ɗaya tak, ƙanƙani kamar tsinin allura. Sai ya huda farantin ƙarfe, ya ɗiga zuma a kan hudar, ɗigon zumar ya zama masa gilashin tara hasken rana. Ma'aunin da yake auna tazarar ratsin da shi kuwa maƙerin makullai na ƙauyen ne ya ƙera masa. Ya kuma gano ba sai ya jira ratsin ya sauka kan takarda ba, yana iya kallonsa a sarari ta gilashin ƙara girma, wanda ya fi kaifi nesa ba kusa ba.

Ya sa siririyar waya a cikin hasken, ya ga ratsi a wajen inuwarta da kuma cikinta. Da ya manna baƙar takarda a gefe ɗaya na wayar don ta tare hasken wannan ɓangaren, sai ratsin cikin inuwar ya ɓace ƙaf. Ma'ana ratsin na bukatar haske daga ɓangarorin biyu, kuma ratsin duhun da ke tsakani haɗuwar haske biyu ce ta haifar da shi. Young ya riga ya yi kusan wannan gwajin a 1803 da sillen kati, amma Fresnel bai iya Turanci ba, bai san da shi ba, sai da François Arago, masanin taurari a Faris, ya sanar da shi. Daga baya ya gwada kaifin aska da bayanta, ya gwada abubuwa masu nauyi da marasa nauyi, ratsin bai sauya ba. In da jan da bakin abu ke yi ne ke karkatar da ƙwayoyi, da wuya a ce kaifin aska da kaurin bayanta su yi ja iri ɗaya.

Yadda haske biyu ke haifar da duhu

A nan ya kamata a zauna, domin duk sauran labarin a kan wannan ya rataya. Jefa tsakuwa biyu a tafki lokaci guda ka kalli inda zobban suka haɗu. Kowace igiya tana da tudu da kwari. Inda tudu ya haɗu da tudu, ruwan ya ƙara tashi. Inda tudun wannan ya faɗa cikin kwarin wancan, sai su cinye juna, ruwan ya kwanta lif kamar ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne karon igiyoyi. Ƙwayoyi ba sa yin haka: in ka zuba tsaba a kan tsaba, tuli ne zai ƙaru, ba za ka taɓa samun fili ba.

Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce tsawon zango. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san kalmar, ko da bai san abin da take nufi ba. Idan aka ce tasha na kan gajeren zango mita 31, ana nufin daga tudun igiyar zuwa na gaba mita 31 ne. Igiyoyi biyu da suka taso tare, in hanyarsu ta zo daidai, ko ta bambanta da zango ɗaya cif ko biyu, za su iso tudu kan tudu, a sami haske. In bambancin rabin zango ne, tudu zai faɗa kwari, a sami duhu.

Wannan ma'aunin ne ya warware maganar ladan. Igiya tana zagaya abin da girmansa bai fi zangonta da yawa ba. Zangon muryar mutum yana kai mita ɗaya ko sama da haka, kusan faɗin ƙofa, don haka katanga ba ta hana ta lanƙwasowa. Jan hasken da Fresnel ya yi aiki da shi kuwa, zangonsa milimita 0.000638 ne. A cikin milimita ɗaya za a jera irinsa sama da 1,500. Hasken ma yana lanƙwasowa ta bakin katangar, sai dai lanƙwasar ba ta wuce 'yar tazara ƙanƙanuwa ba, kuma ratsin Grimaldi shi ne sawunta.

Abin da Fresnel ya ƙara, wanda Young bai kai gare shi ba, shi ne haɗa ra'ayin Huygens da na karon igiyoyi ya mai da su lissafi. Huygens ya ce kowane ɗigo a goshin igiya kamar sabuwar tsakuwa ce da ke fitar da nata ƙananan zobba. Fresnel ya ce to, in kana son sanin hasken da zai sauka a wani wuri, tattara duk waɗannan ƙananan igiyoyin da ba a tare ba, kowace da nisan da ta yi da kuma matsayin da ta iso, tudu ko kwari ko tsakani, ka haɗa jimla. Ba ya bukatar wani ja ko turi daga bakin abu. Aikin abin da ya tare hanya shi ne kawai ya cire wasu daga cikin igiyoyin.

Gasar

A watan Maris na 1817 Majalisar ta sanar cewa babbar kyautar kimiyyarta ta gaba za ta kasance kan wannan ratsi na gefen inuwa. Hatta yadda aka tsara tambayar ya nuna inda hankalin masu tsarawa ya karkata, don an nemi a fitar da yadda haske ke motsi yayin da yake wucewa kusa da abu. An sa ranar rufewa 1 ga Agusta 1818. Arago da André-Marie Ampère suka ƙarfafa wa Fresnel gwiwa ya shiga, ya kuwa miƙa nasa a 29 ga Yuli. Ƙa'ida ita ce ba a sa suna, sai dai taken da za a gane mai shi da shi daga baya. Nasa taken da Latin yake, ma'anarsa halitta mai sauƙi ce, mai yawan haihuwa. Takardu biyu kacal aka samu.

Alƙalai biyar ne. Laplace, Jean-Baptiste Biot da Poisson duk mutanen ƙwayoyi ne. Joseph Louis Gay-Lussac bai ɗauki ɓangare ba. Arago kaɗai ne ke tare da maganar igiya. Uku da ɗaya ke nan, in an ajiye na tsakiya.

Poisson gwanin lissafi ne na gaske, kuma ya karanta takardar karatun mai son kaiwa ƙarshenta. Fresnel ya yi lissafinsa ne kan miƙaƙƙen baki, da siririyar tsaga, da siririn sille. Poisson ya ga cewa lissafin na da sauƙin warwarewa idan abin da ya tare hasken kewayayye ne, ya warware, sai ga sakamako: tsakiyar inuwar faifai za ta yi haske kamar babu faifan. Dalilin, da zarar an ji shi, a fili yake. Kowane ɗigo a bakin da'ira nisansa ɗaya da tsakiya. Saboda haka duk ƙananan igiyoyin da suka lanƙwaso ta bakin faifan, gabas da yamma, kudu da arewa, tafiya ɗaya suka yi, kuma a tare za su iso, tudu kan tudu. Ka ɗan gusa daga tsakiyar, hanyar wasu ta ƙaru ta wasu ta ragu, su fara cinye juna, duhu ya dawo. Ga mai ra'ayin ƙwayoyi wannan ba ya shiga hankali, domin tsakiyar inuwa ita ce wurin da ƙwaya ta fi wahalar kaiwa.

Arago bai tsaya musu ba. Ya manna faifan ƙarfe mai faɗin milimita 2 a jikin gilashi da kakin zuma, ya haska, ya duba. Ɗigon yana nan, a tsakiya, da zobba kewaye da shi. Aka ba Fresnel kyautar, aka sanar a zaman 15 ga Maris 1819.

Akwai ɗan'uwan wannan gwajin da ni ya fi ba ni mamaki, kuma Fresnel ya gwada shi da kansa. Maimakon faifai, a yi huda kewayayya. Da jan haske mai zuwa daga nesa, da takarda a nisan mita ɗaya, huda mai faɗin kusan milimita 1.6 tana ba tsakiya haske ninki huɗu na wanda za a samu in babu komai a hanya. Faɗaɗa hudar zuwa kusan milimita 2.3, wato ka ƙara buɗe wa haske ƙofa, sai tsakiyar ta yi baƙi. Zoben da ka ƙara buɗewa igiyoyinsa sun makara da rabin zango, sun zo sun cinye na farko. Waɗannan zobban su ake kira yankunan Fresnel har yau.

Me ya sa ba ma ganinsa kullum

Tambaya ce mai kyau, tunda abubuwa kewayayyu sun cika duniya. Dalili na farko shi ne girman tushen hasken. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama rabin digiri ne, kuma a nisan mita ɗaya wannan na dama bakin inuwa da kusan milimita 9. Faifan milimita 2 ko cikakkiyar inuwa ba zai yi ba a wannan nisan, balle a nemi ɗigo a cikinta. Amfanin ɗigon zumar ke nan. Na biyu, ɗigon ƙarami ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan faifan ya girma. Faifan milimita 2 a nisan mita ɗaya yana ba da ɗigo mai faɗin kusan rabin milimita, amma kwabo mai faɗin milimita 20 nasa bai fi kaurin gashi ba. Na uku, dole bakin ya yi sumul. A kwabon nan, ƙyasbi ko lotsawar da ta kai kashi 3 cikin 100 na milimita ta isa ta ɓata jituwar igiyoyin.

Duk da haka an taɓa ganinsa. Joseph-Nicolas Delisle ya ba da labarinsa a 1715, Giacomo Maraldi ma a 1723, dukansu a Faris ɗin. Sun gani sun rubuta, amma babu wani ra'ayi a lokacin da ke jiran wannan ɗigo, sai aka manta da shi kusan shekara ɗari.

Abin da aka ƙara wa labarin

Yadda ake ba da shi a aji, Poisson ya ɗana tarko, tarkon ya kama shi, kowa ya miƙa wuya nan take. Labari ne mai daɗi, amma takardun lokacin ba su ɗauke shi haka ba. Masu tarihin kimiyya da suka koma kan rahoton alƙalan, irin su John Worrall, sun nuna cewa maganar ɗigon 'yan layuka kawai ta samu. Abin da rahoton ya zauna a kai shi ne awo. Fresnel ya sauya nisan fitila, ya sauya nisan wurin dubawa, kowane karo ya lissafa inda ratsin duhu ya kamata ya faɗa, sannan ya auna inda ya faɗa. Kusan ko'ina saɓanin bai kai kashi 1.5 cikin 100 ba. Kuma duk wannan da adadi ɗaya ya yi shi, wato tsawon zango, bai riƙa ƙirƙiro sabon dalili ga kowane gwaji ba. A ganina nan ne nauyin aikin yake. Ɗigon ya fi saurin kama ido, amma jerin lambobin nan ne suka sa masu adawa uku suka sa hannu a ba shi kyauta.

Sa hannun kuma bai zama sauya ra'ayi ba. Ana cewa gani ya kori ji, amma Laplace da Poisson da Biot sun gani, sun yarda lissafin na aiki, ba su bar ƙwayoyinsu ba. Ba na ɗaukar wannan taurin kai zalla. Suna da tambayoyi na gaskiya da ba a amsa ba tukuna: igiyar ruwa a ruwa take, ta sauti a iska, ta haske fa a cikin me take kaɗawa? Ga kuma yadda wasu duwatsu masu ƙyalli ke raba haske gida biyu, wanda a lokacin mutanen ƙwayoyi ne suka fi iya bayaninsa. Sai a 1821 Fresnel ya fito da amsar wannan, cewa igiyar haske gefe da gefe take kaɗawa, kamar igiyar da aka ɗaure a turke ana girgiza ta. Matasan masana ne suka bi shi, sannu a hankali. Shi kuwa Poisson, ban ga dalilin yi masa dariya ba. Ya ɗauki ra'ayin da bai yarda da shi ba, ya bi shi har inda mai shi bai kai ba, ya fitar da abin da za a iya gwadawa da faifai da kaki. Ya cancanci ɗigon ya ɗauki sunansa, kamar yadda wasu ke kiransa da sunan Arago.

Hukuncin da ya fi yanke gardamar ya zo ne a 1850. Ra'ayin ƙwayoyi ya ce haske ya fi gudu a ruwa kan iska, ra'ayin igiya ya ce ya fi nawa. Arago ne ya tsara yadda za a gwada tun 1838, amma idanunsa suka raunana, sai Léon Foucault ya yi gwajin da madubi mai juyawa, ya samu haske ya fi nawa a ruwa. Fresnel bai ga wannan rana ba. Ya ba da ƙarfinsa na ƙarshe ga gilasan hasumiyoyin fitila na bakin teku, aka kunna na farko a Cordouan a 1823, shekarar da aka zaɓe shi cikin Majalisar. Tarin fuka ya ci ƙarfinsa. Arago ya kai masa lambar yabo ta Rumford daga masanan Landan yana kwance, ya rasu a 14 ga Yuli 1827 yana da shekara 39. Su ma ƙwayoyin sun dawo ta wata ƙofa a 1905, da Albert Einstein ya nuna haske na miƙa ƙarfinsa ƙulli-ƙulli, amma lissafin Fresnel bai motsa ba. A 2009 ma an samar da irin wannan ɗigo, ba da haske ba, da ƙwayoyin iskar deuterium, wani nau'in haidrojin mai nauyi.

Yankunan Fresnel suna aiki a kanmu kullum. Faifan nan masu kama da ganga da ke maƙale a ƙarafan sabis suna aika wa juna saƙo ne da igiya mai zangon 'yan santimita. Injiniyan da zai kafa su bai isa ya ce tunda wannan na hango wancan shi ke nan ba. In tazarar kilomita 10 ce, zangon kuma santimita 5, yanki na farko a tsakiyar hanya ya kai mita 11 daga layin zuwa kowane gefe, kuma ƙa'idar aiki ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa a buɗe, wato kusan mita 7. Kuka ko bene ko tudu da ya kutso cikin wannan fili zai rage ƙarfin saƙon ko da bai taɓa layin ba.

Gwajin Arago kuwa yau ya fi sauƙi kan zamaninsa, kuma duk makarantar sakandare na iya yinsa. A nemi ƙwayar boris ta keke mai faɗin kamar milimita 4, sabuwa marar tsatsa, domin sumul ɗinta ya fi na duk faifan da za a yanka da hannu. A nemi 'yar fitilar leza ja, a cire gilashin bakinta don hasken ya bazu, kuma kada a kuskura a haska ta a idon kowa. A goga allura a jikin mayen ƙarfe, ƙwayar za ta rataya a tsininta. A rufe tagogi, a sa ƙwayar mita 2 daga fitilar, farar takarda kuma mita 3 a bayanta. Inuwar za ta kai kusan santimita ɗaya, da siririn ratsi kewaye da bakinta. A matso kusa, a bar ido ya saba da duhun na minti ɗaya ko biyu, sannan a duba tsakiya. Jan ɗigon bai cika milimita ɗaya ba, kuma in aka gusar da ƙwayar yana bin ta.